Liyari, dirhami ko kwandalar Rumawa: ina iyakar tsada ga mai tara tsofaffin kuɗi a Damagaram?

A ce mutum yana da jaka 100 a hannu, yana zaune a Zinder, sha'awar tara tsofaffin kuɗi ta kama shi. Hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya bi maƙeran fari da dillalan kayan da ya nemi liyari ko dalar azurfa ta zamanin Faransa, ko ya tura kuɗi wa ɗan kasuwar Turai mai shago a intanet a aiko masa da dirhamin Banu Umayya, ko kuwa ya shiga gwanjo ya yi takara da mutanen da bai taɓa gani ba a kan kwandalar Rumawa. Ta kowace hanya ana iya yi masa tsada, amma ma'aunin ba ɗaya ba ne. Wanda ya auna dirhami da nauyin azurfarsa kaɗai, abu mai kyau zai wuce shi yana cewa an cika kuɗi. Wanda kuma ya sayi liyari da zuciyar mai sayen kayan tarihi zai biya ninki uku, ya koma gida yana murna.

Abin da ya fi ruɗa sabon shiga shi ne shekaru. Ana ɗauka duk abin da ya kai shekara dubu dole ya yi kuɗi, alhali ba haka kasuwar take ba. Ƙananan kuɗin tagulla na zamanin Sarkin Rum Konstantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337, an buga su ba adadi, har gobe kuma manoma da masu na'urar gano ƙarfe suna tono su a Turai. A 2010 wani mutum a kusa da garin Frome na Ingila ya tono tulu guda mai ɗauke da tsabar Rumawa 52,503. Irin waɗannan na tagulla, idan ba su da wani kyau na musamman, ƴan Yuro kaɗan ne kuɗinsu. Amma ga dinari ɗaya na shekara ta 105 bayan Hijira da aka sayar a Landan a 2011 a kan fam miliyan 3.72, saboda rubutun da ke jikinsa ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz, kuma irinsa ƙalilan ne a duniya. Sa'anninsa da ba su da wannan layin rubutu, masu nauyi ɗaya da zinariya ɗaya, da ɗaruruwan Yuro ake sayen su. Ashe ba tsufa ake saye ba. Ƙarfen ake saye, da ƙarancin abin, da lafiyarsa, da yawan masu nemansa, da takardar da ke nuna inda ya fito. Tsada ta wuce kima idan ka biya kuɗi a kan abin da ba ya cikin waɗannan, ko ka biya a kan ɗaya daga cikinsu ba tare da ka tabbatar yana nan ba.

Mu fara da na gida, don nan ne aka fi yin ciniki, nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Liyari, wato azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, ya daɗe a ƙasar nan. Ayarin Tarabulus da Gat da ke sauka a Zango sun san shi, fataken Kano sun san shi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi ƴan makonni a Zinder daga ƙarshen 1852, ya rubuta cewa a Kano ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Daga baya ya koma kayan ado, aka yi masa kunne aka rataya a wuya, ko aka narkar da shi aka ƙera mundaye da zobba. To kusan duk liyarin da za a nuna maka, 1780 ne a jikinsa, kuma da wannan lamba ake kama mai saye. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba a sauya ba, don ƴan kasuwar Larabawa da Habasha da Sudan ba sa karɓar wani iri. An buga shi a Biyana, an buga a Roma, da Landan, da Paris, da Bombay, sama da miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Ostiriya yana buga shi har yanzu. Wanda ke hannunka yana iya zama na zamanin Sarki Tanimun, yana iya zama na 1930 da wani abu, yana iya zama ƙanen ɗanka.

Wannan shi ya sa lissafinsa ya fi na kowa sauƙi. Nauyinsa giram 28 da ɗigo kaɗan, azurfarsa kashi 83.3 cikin 100, wato tsantsar azurfa giram 23.4. Don sauƙin lissafi a ce giram ɗaya na azurfa sefa 1,000 ne a ranar, sai ka ga ƙarfen liyarin ya kama jaka 23 da ɗoriya. Farashin azurfa yana hawa yana sauka, saboda haka duba na ranar a wayarka kafin ka fita. Da awo na oza ake faɗinsa, oza ɗaya kuwa giram 31.1 ne. A ganina idan an ɗora kwata ko sulusi a kan kuɗin ƙarfen, ciniki ne na mutunci, don mai kaya ma sai ya ci abinci. Idan aka kai ninki biyu, sai a kawo dalili. Haka lissafin dalar azurfa ta Faransa yake, mai tamma 5: giram 25 ce, kashi 90 cikin 100 azurfa, tsantsa giram 22.5. Ita kam shekarar da ke jikinta gaskiya ce, kuma akwai shekaru da gidajen bugu da suka fi wuyar samu, amma yawancin waɗanda suka iso nan sun sha hannu har gashin kan hoton ya shafe.

Dalilin da aka saba kawowa kuwa labari ne.

"Alhaji, wannan ba irin na kasuwa ba ne. Daga wani babban gida na Birni ya fito, tun kaka da kakanni."

"Allah ya ji ƙan magabata, Baba. A ɗora mini shi a sikeli tukuna."

Ba lalle dattijon ƙarya yake yi ba, mai yiwuwa haka shi ma aka gaya masa. Sai dai labarin ba ya bin kuɗin. Ranar da kai ko magadanka za ku sayar, maƙeri sikeli zai ɗauko, ba zai tambayi gidan da ya fito ba. Wuri ɗaya na yarda a biya fiye da kima da ido buɗe: idan liyarin na gidanku ne, ka san wuyan da ya rataya, ana shirin kai shi wuta. Nan gado ka fanso, kuma kai kaɗai ka san abin da ya kai a wurinka. Sauran masu cewa nasu bugun farko ne na ainihi, akwai irin wannan, yana kuma da kuɗi, amma bambancin yana cikin ƙananan alamomi, kamar yawan duwatsun da ke ƙugiyar rigar sarauniyar da siffar haruffa, waɗanda sai ƙwararre da madubin ƙara girma. Kada ka biya kuɗin bugun farko a kan maganar baki.

Wanda aka yi wa kunne ko aka huda, darajarsa wurin masu tarawa ta faɗi, ya koma azurfa zalla, sai ma a cire nauyin kunnen da dalmar lanƙaya. Na jabu kuma suna nan. Azurfa ba ta kama maganaɗisu, tana da ƙara mai tsawo idan an ƙyasta ta, kuma a bakin liyari na gaske akwai rubutu mai tudu kewaye da shi, wanda a na zubi yakan fito a dagule ko ya ɓace. Anini da kwabo masu huji na Turawan Ingila da suka tsallako daga Najeriya ba sa buƙatar doguwar magana: suna da daɗin tarawa, suna da yawa, kuɗin goro ne nasu, in ban da ƴan shekaru ƙalilan.

Hanya ta biyu ita ce shagon ɗan kasuwa na waje, mai farashi a rubuce. A nan nauyin ƙarfe ba ya gaya maka komai. Dirhamin Banu Umayya bai cika giram 3 ba, azurfarsa ba ta wuce ƴan jaka uku a lissafinmu na ɗazu, amma ba wanda zai ba ka shi a haka. Ma'aunin da ya rage shi ne nawa aka sayar da irinsa, ba nawa aka sa masa ba. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ya san kuɗin da mai rago ya fara faɗa daban, kuɗin da aka sallama daban, kuma na biyun ne farashi. Akwai rumbunan intanet irin su acsearch da CoinArchives da ke ajiye sakamakon gwanjon da aka riga aka yi, da hotuna, ko da yake wani sashen sai an biya kafin a ga farashi. Ka nemo guda biyar ko shida masu kama da naka a gidan bugu da shekara da lafiyar jiki, ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka riƙe na tsakiya. Mai shago zai ɗora ribarsa a kan wannan, kuma yana da hakki, don shi ya tantance, shi ya ajiye, shi ne kuma zai mayar maka da kuɗinka idan abin ya fito jabu. Wannan alkawari na mayar da kuɗi shi ne rabin abin da kake saye. Shagon da ba ya rubuta shi, ko ya rage maka sulusi, tsada ya yi maka.

A kan kuɗin Musulunci ɗan Damagaram yana da wata dama da yawancin Turawa masu tarawa ba su da ita, kuma ban ga ana amfani da ita ba. Tun gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi a shekara ta 77 bayan Hijira, aka cire hotuna daga dinari, dirhami ma ya biyo baya, suka zama rubutu zalla. Wanda ya yi karatun allo ya saba da rubutun Alƙur'anin Warshu na hannu, ba zai sha wuya sosai da rubutun Kufi ba. A gefen dirhamin an rubuta da sunan Allah an buga wannan dirhami a gari kaza shekara kaza, da kalmomi ba da lambobi ba, a bayan na Banu Umayya kuma lafazin Ƙulhuwallahu. Garin da shekarar su ne farashin. Wasiɗ ta Iraƙi, wadda Hajjaju ya gina, ta buga dirhami da yawan gaske, musamman a shekarun 120 da ɗoriya, haka ma Madinatus Salam, wato Bagadaza, a zamanin Abbasiyawa. Waɗannan su ne na mai farawa, kuma ba a gaggawa a kansu, in wannan ya wuce gobe wani zai fito. Na Ifriƙiyya, wato yankin Tunusiya ta yau, da na Andalus na zamanin Banu Umayya sun fi wuya, sun fi kuɗi. Wanda ya biya kuɗin Andalus a kan Wasiɗ don an ce masa na zamanin tabi'ai ne, bai karanta abin da ke tafin hannunsa ba. Tunda akwai ayoyi a jiki, a samar musu wurin ajiya na mutunci, ba cikin aljihu tare da makulli ba.

A ɓangaren Rumawa ma haka abin yake. Kuɗin azurfa na Sarki Septimiyus Seberus, haifaffen Labda ta Libiya wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, suna da yawa kuma suna da sauƙi. Na Sarki Oto, wanda wata uku kawai ya yi a kan gado a shekara ta 69, ninki da yawa ne. Wani lokacin kuma ba ƙaranci ba ne, farin jini ne: kuɗin birnin Atina na Girka mai hoton mujiya, mai giram 17, akwai shi birjik a kasuwa, amma kowa yana so, don haka ba ya araha.

Yanzu ga abin da mai tarawa na Faransa ba ya damuwa da shi, mu kuwa shi ke cin mu: kuɗin hanya. Yuro ɗaya sefa 656 ne idan an cike. Ƙunshi mai rajista daga Turai zuwa Nijar, da ladan banki ko na wanda ya biya maka da katinsa, da abin da duwan za su iya nema, duk a kan kwandala ɗaya suke sauka idan ita kaɗai ka saya. Wasu shagunan ma ba sa aikowa nan, sai ta hannun ɗan'uwa da ke can. Tagullar Konstantin ta Yuro 10 da aka kashe wa Yuro 30 kafin ta iso Sabon Gari, mai shago bai cuce ka ba, amma ka yi sayen tsada. Maganin shi ne a tara buƙata, a sayi uku ko huɗu a shago ɗaya, ko abokai su haɗa ƙunshi.

Gwanjo shi ne hanya ta uku, kuma shi ya fi ruɗi, don lambar da ake gani a allo ba ita ake biya ba. Gidajen gwanjo suna ɗora la'adarsu a kan mai saye, galibi wajen kashi 20 cikin 100, wasu sun haura. Mu ɗauki misali. An buga guduma, wato an sallama, a kan Yuro 60, wato jaka 39. La'ada ta kai shi 72. A ce aikowa 30, banki 3, ya zama 105, kusan jaka 69. Abin da ka ce ka samu a 39 ya tashi a 69. Don haka daga baya ake fara lissafi: jaka 100 Yuro 152 ne, cire 33 na hanya saura 119, raba da 1.2, ka sami 99. Wannan ita ce iyakarka, ka rubuta ta a takarda kafin a fara. Ƙiyasin da gidan gwanjo ke sawa a ƙarƙashin hoto sau da yawa da gangan ake rage shi don a jawo mutane, ba hujja ba ce. Mafi yawan tsadar gwanjo kuma a minti na ƙarshe ake yin ta, lokacin da wani ya ɗara ka da Yuro 5 zuciya ta ce ai ba za a ƙwace maka ba. Idan abin na yau da kullum ne, ƙyale shi. Idan kuwa irin wanda sai a yi shekaru bai fito ba ne, kuma shi ne gurbin da ya rage a tarinka, ɗara farashin baya da kaɗan ba wauta ba ne, muddin da kuɗin da ba na cefane ba ne.

A gwanjo da hoto kake ciniki, hoto kuwa yana ɓoye aibu. Akwai tagullar da aka sassaƙe da allura don a fito da gashi da haruffan da suka shafe, akwai wadda aka shafe ramukanta aka yi mata sabon launi. Gidan kirki zai faɗa a bayaninsa, kuma irin wannan ya kamata kuɗinta ya faɗi sosai. Kore mai gari-gari kamar hoda a jikin tagulla cuta ce da ke ci gaba da cin ƙarfen, ba kamar koren nan mai santsi da ake so ba. Bushewar iskarmu tana taimakawa, amma damina tana tayar da ita. Za ka ga wasu a rufe cikin ƴar roba mai tambarin NGC, kamfanin tantance kuɗi na Amurka, da makin kyan bugu da na lafiyar jiki daga 1 zuwa 5. Ra'ayin ƙwararru ne mai amfani, amma kamfanin da kansa ba ya ba da lamunin ingancin tsofaffin kuɗi irin na Rum da Girka, saboda haka kada roba ta sa ka ninka kuɗi a kan abu na gama-gari. In kaya ya iso kuma, don Allah kada a kai shi ga toka da lemun tsami kamar munduwa. Baƙin nan da ke jikin tsohuwar azurfa yana cikin abin da ka biya.

Takardar asali tana ƙara kuɗi, kuma ƙari ne da na yarda da shi. Kwandalar da za a iya nuna ta a kundin gwanjo na kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan safarar kayan tarihi, ta fi kwanciyar hankali. Wata kwandalar zinariya ta Burutus mai tunawa da kisan Yuliyus Kaisar na Rum, da aka sayar a Landan a 2020 a kan fam miliyan 3.24, daga baya an gano takardunta na ƙarya ne, aka mayar da ita Girka a 2023. Wanda ya saya ya biya kuɗi mafi yawa a kan abin da ba zai iya riƙewa ba. A gida ma akwai doka, ta 97-022 ta 1997, mai kare kayan tarihin ƙasa. Idan wani ya zo maka da ƙulli ya ce daga wani kufai na Abzin ko Kawar aka tono, matsala biyu ce. In gaskiya ne, ba na sayarwa ba ne. In ƙarya ne, ka sayi zubi. Na biyun ya fi yawa, don ƙasashen nan ba su saba buga kuɗi mai tambari ba a wancan zamani. Ibn Baɗuɗa da ya je Takedda ta yankin Abzin a 1353 sandunan jan ƙarfe ya tarar ana ciniki da su, Al-Bakri kuma ya ce dinarin Tadmakka, a arewacin Mali ta yau, ba shi da rubutu ko kaɗan.

To wace hanya za a bi da jaka 100? Tambayar da za ta raba gardama ita ce wa zai saya daga hannunka a nan. Liyari da dalar Faransa suna da mai saye a Kasuwar Dole ko yau, a kan nauyinsu, don haka asarar da za ka iya yi ba ta wuce abin da ka ɗora a kan ƙarfe ba. Dirhami da kwandalar Rumawa ba su da kasuwa a Zinder. In ka matsu sai dai ka mayar da su Turai, a cire la'adar mai sayarwa da kuɗin aikawa, kuma da wuya ka ga kuɗinka cikakku cikin ƴan shekaru. Mai neman ajiya da ɗan jin daɗin tarihi ya tsaya a kan na gida, ya sayi sikelin aljihu mai auna ɗigon giram kafin ya sayi kwandala ko ɗaya. Mai son tarihi tsantsa, wanda ya yarda kuɗin sun tafi, ni da ni ne sai in ɗauki liyari ɗaya mai lafiya marar kunne, ragowar in haɗa da na aboki mu yi ƙunshi ɗaya daga shago mai lamuni, in sa dirhamin Wasiɗ ko na Bagadaza wanda rubutunsa ya fito sarai. Gwanjo sai bayan mutum ya yi watanni yana kallon sakamako ba ya taya komai, har ya kai yana iya cankar inda guduma za ta faɗi.

Dinari kuwa ba na wannan jakar ba ne. Giram 4.25 na zinariya kaɗai ya wuce jaka 100 nesa ba kusa ba, don haka duk wanda ya kawo maka dinarin daular Murabiɗai na Sijilmasa ta Maroko a ƙasa da kuɗin zinariyarsa, ka ce masa albarka. Wanda ya kai ga saye ta intanet kuma ya fara zama da malaminsa, don sayen zinariya da azurfa yana da hukuncin hannu da hannu, kuma ƙunshin da zai yi makonni a hanya yana buƙatar a san yadda za a ƙulla cinikin, ko ta wakili da zai karɓa a can.